Filota ta ƙi fitar da zane? Ga yadda ake bin sawun aikin daga kwamfuta har bakin takarda

Wata ranar Alhamis da la'asar wani dattijo mai zanen gidaje daga Mamobi ya shigo shagonmu a Accra New Town da filashi a hannu, zane shida a girman takarda A1 yake so, washegari da safe zai kai su asamble, wato ofishin ƙaramar hukuma, saboda takardar izinin gini. Ni na fita sallah, yaron shago ne kawai. Ko da na dawo na samu dattijon ya zauna a benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yaro kuma yana tsaye kan kwamfuta duk ya yi gumi. Yace min "Masta, ta ƙi, na danna na danna shiru." Na buɗe layin jiran firinta na ga aiki goma sha ɗaya a jere, duk zane ɗaya ne, na farkon an rubuta Error a gefensa sauran suna bayansa suna jira. Nace "Baba ku yi haƙuri, ku ba ni minti biyar." Abin da ya faru bai wuce wuta da aka ɗauke da azahar ba, da ta dawo rauta, na'urar da ke raba netwok, ta ba filota, wato babbar firintar zane, wata lamba daban, kwamfuta kuma tana ta aika aiki tsohon adireshi. Da ace na gyara lambar ban fara goge waɗancan goma ba, da filota ta zazzago mana A1 goma sha ɗaya iri ɗaya, takarda da tawada sun tafi a banza.

Saboda irin wannan nake rubuta wannan, musamman don yaranmu masu koyon aiki a New Town da Kokomlemle da 'yan'uwa na Asafo a Kumasi, da duk wanda aka bar wa ofishin safiyo ko na masu zane ya kula da inji. Abu na farko, in ka danna Print sau ɗaya ba ta motsa ba, ka cire hannunka. Sake dannawa ba ya tura komai, tara kaya kawai yake yi a bayan wanda ya maƙale.

Ka riƙe a ranka cewa zane ba ya tsalle daga sikirin ya faɗa takarda. Tasha huɗu yake bi. Yana fita daga manhajar da ka buɗe shi, AutoCAD ce ko Adobe Reader ko wata, diraiba ya juya shi zuwa yaren da injin ke ji, sai ya shiga layin jira na Windows wanda Print Spooler ke riƙe da shi, daga nan ya bi kebul ko netwok, sannan ya isa cikin filota ita ma ta ajiye shi a ƙwaƙwalwarta kafin ta fara jan takarda. Duk aikinka shi ne ka gano a wace tasha ya tsaya. Mutane da yawa da zarar abu ya ƙi sai su cire diraiba su sake sakawa, ko su kira mai gyara ya taso daga Circle a trotro, alhali ba su ma san ko matsalar a kwamfuta take ko a inji ba.

Toh ka fara da injin kanta, ka tashi daga kujera ka je gabanta ka karanta abin da ɗan sikirinta ya rubuta. Sau da yawa amsar tana nan a rubuce babu wanda ya duba, murfi bai rufu ba, ko liba ɗin takarda yana sama, ko tawada ɗaya ta ƙare, kuma yawancinsu in kala ɗaya ta ƙare ba za su buga ko baƙi zalla ba. In ta rubuta Ready, ka shiga menu ɗinta ka sa ta buga gwajin cikinta, wato shafin bayanin saiti ko na gwajin kan tawada, wanda ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Wannan gwajin shi ne ke raba maka gardama gida biyu. In ya fito tsaf, injinka lafiya lau, kar ka kwance ko ƙusa ɗaya, matsalar tana kebul ko kwamfuta. In bai fito ba, ka ƙyale kwamfuta ta huta, ba laifinta bane. Kuma ka ajiye shafin bayanin nan kar ka yar, lambar IP ɗin injin tana jiki, yanzun nan za mu neme ta.

Akwai wani abu da ke ruɗa sabon shiga, wani lokacin filota ba ƙi ta yi ba, jira take. Manyan HP DesignJet masu layin jira na kansu in an kunna musu haɗa zane da yawa a faɗin takarda ɗaya, sai su riƙe aikin farko na ɗan lokaci ko wani zai zo su jera su tare. Haka in ka aiko zane da ya fi faɗin naɗin da ke ciki, ko ka zaɓi takarda mai sheƙi a diraiba alhali farar takarda ce a inji, sai ta ajiye shi gefe ta rubuta On hold for paper, a kwamfuta kuma ka ga aikin ya ɓace daga layi kamar an buga. Sannan bayan ta gama bugu takan riƙe takardar kafin ta yanka don tawada ta sha iska. Duk waɗannan ba lalacewa bane, ka duba layin jiran da ke kan sikirin injin kafin ka sake aikowa.

Yanzu mu koma kwamfuta. Ka buɗe layin jiran filotar ka kalli aikin da ke sama, shi ne mai labari. A Windows 10 in ka danna Printer a saman tagar za ka ga Pause Printing da Use Printer Offline, ka tabbata babu alamar zaɓi a kan ko ɗaya. Ka kuma duba sunan da ka aika wa aikin da kyau, domin in an taɓa zare kebul ɗin USB aka mayar a wani rami daban, Windows kan ƙirƙiro wata firinta mai suna iri ɗaya da Copy 1 a ƙarshe, kai kana aika wa tsohuwar wadda babu komai a bayanta.

In aikin ya maƙale, ka ce ya goge ya rubuta Deleting ya zauna a haka har ka sha shayi ka dawo, to sai an share shi da hannu. Ka fara zuwa gaban injin ka soke duk abin da ke cikinta. Sannan ka buɗe Command Prompt da ikon admin, wato ka danna dama ka zaɓi Run as administrator, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya kana danna Enter:

net stop spooler

del /Q /F %systemroot%\System32\spool\PRINTERS\*.*

net start spooler

Na farko ya tsayar da mai riƙe da layin, na biyu ya kwashe fayilolin da ke folda PRINTERS, waɗanda za ka ga sunansu na ƙarewa da SPL da SHD, ɗaya shi ne aikin kansa ɗaya kuma takardar bayaninsa, na uku ya tashe shi. Ka lura fa, wannan yana share aikin duk firintocin da ke kan kwamfutar ne ba filota kaɗai ba, in akwai mai jiran takardunsa a ƙaramar firinta ka faɗa masa tukuna. Kuma abin da ke cikin folda za ka goge, kar ka goge folda ɗin kanta. In ya ƙi gogewa yace wani abu na amfani da fayil ɗin, akwai manhajar kamfanin firintar da ke riƙe da shi a bayan fage, ka kashe kwamfutar ka kunna ka maimaita tun kafin ka buɗe komai.

Netwok kuwa nan ne zan daɗe, don a garin nan in aka kira ni kan filota ta zama Offline, kafin in isa na riga na zargi lamba. Dalili a fili yake, dumso, wato yawan ɗauke wuta. Rauta ita ke raba wa kowace na'ura lambar IP, kuma in ba a ɗaure lambar ba, duk lokacin da wuta ta tafi ta dawo akwai yiwuwar rabon ya canja, wayoyin mutanen shago da laftof ɗin kwastoma duk suna rububin lamba, filota kuma tana da nauyin tashi, kafin ta gama shiri wani ya ɗauke tata. Ka ɗauko shafin bayanin da ka buga, ko ka duba a sikirin injin, ka ga lambarta ta yanzu, misali 192.168.1.37. A kwamfuta ka shiga Printer properties, ka danna Ports, ka zaɓi wanda aka yi wa alama ka danna Configure Port. Lambar da ke wurin dole ta zama daidai da ta injin, ɗigo da ɗigo. In sun saɓa ka samu ɓarawonka. Ka gyara, amma ka tuna da labarin dattijon Mamobi, ka share tarin da ke layi kafin ka danna OK.

In lambar injin ta fara da 169.254, ma'anarta ba ta samu lamba daga rauta ba sam, ita ta laƙa wa kanta. Ka duba kebul, ka duba ko fitilar ramin netwok a bayan injin tana ƙiftawa, ka sauya rami a suwic, ka jira rauta ta gama tashi sannan ka kashe filota ka kunna. Ɓera ma na cin kebul, mun taɓa samun namu a gutsure a bayan kabad inda ake ajiye naɗin takarda.

In lambobin sun yi daidai amma har yanzu shiru, ka rubuta ping da lambar a Command Prompt. In amsa na dawowa, ka buɗe burauza ka rubuta lambar a wurin adireshi, yawancin filotocin yanzu, HP ne ko Canon imagePROGRAF ko Epson SureColor, suna da shafin kansu da zai nuna maka tawada da takarda da halin da suke ciki. Shafin ya buɗe ya nuna injinka, hanya a buɗe take. Ya buɗe ya nuna wani abu daban, ko ping na amsawa ko da ka zare kebul ɗin filota, to wata na'ura ce ke zaune kan lambar. Wanda ya iya PowerShell zai iya gwada ƙofar bugun kanta da Test-NetConnection sai lambar sai -Port 9100, in yace True ƙofa a buɗe. A cikin Configure Port ɗin nan dai ka tabbata an zaɓi Raw da lamba 9100, ita ce ƙofar da aka saba, LPR kuma 515 yake bi kuma yana son sunan layi. A ƙasa akwai wani ɗan akwati SNMP Status Enabled. Shi ne Windows ke tambayar injin lafiyarta da shi, in injin ba ta amsa wannan tambayar ba sai Windows ya yanke hukuncin ta mutu ya rubuta Offline alhali tana nan garau. In ping na tafiya, shafi na buɗewa, amma Offline ya ƙi tafiya, cire alamar akwatin nan ka gani.

Wani abin kuma, in a Ports ka ga sunan ya fara da WSD da dogayen haruffa, Windows ne ya nemo injin da kansa ya haɗa. Ga ƙaramar firinta ta gida ba laifi, amma ga filota mai karɓar manyan fayiloli ni ban yarda da shi ba, yau ya gani gobe ya ɓace. Ka danna Add Port ka zaɓi Standard TCP/IP Port ka sa lambar da hannunka. Maganin dindindin kuwa shi ne a ɗaure lambar, ko dai a menu ɗin injin ka sa ta da hannu ka zaɓi wadda ke wajen waɗanda rauta ke rabawa, ko a cikin rauta ka keɓe wa injin lambarta. Ka rubuta ta a salatif ka manna a jikin filota inda kowa zai gani. Aikin minti goma ne amma zai raba ka da rabin wahalar shekara.

Masu USB naku gajere ne. Kebul ɗin USB 2.0 iyakarsa mita 5, filota kuma saboda girmanta kullum tana can lungu nesa da tebur, sai a haɗa kebul biyu uku da abin ƙari, ƙaramin zane ya wuce babba ya yanke a tsakiya. Ka sa kebul ɗaya gajere mai kyau, kai tsaye a bayan kwamfuta ba ta hob ba, kuma ka hana kwamfutar yin barci ana cikin bugu. In injin na da ramin netwok, ka koma netwok kawai.

Sai kuma inda filota ke jikin kwamfuta ɗaya, sauran mutanen ofis suna aikowa ta cikinta. Nan ka fara gwadawa daga uwar kwamfutar, in ita tana bugawa matsalar rabawa ce. Dole ta kasance a kunne ba ta barci, netwok ɗinta yana kan Private, an kunna File and printer sharing, kuma diraiban da ke kan sauran ya zama iri ɗaya da nata. Tun 2021 da aka toshe ramin tsaron nan da ake kira PrintNightmare, saka diraiba daga wata kwamfuta yana neman ikon admin, kuma daga Satumbar shekarar mutane suka fara ganin lamba 0x0000011b in suna son haɗawa da firintar da aka raba. Za ka ga masu cewa a shiga rajista a kashe kariyar. Ni ban ba ka wannan shawarar ba, kwamfutar da filashin mutum ashirin ke shiga kullum ba ita za a cire wa kariya ba. Ka sabunta Windows a duka ɓangarorin, in kuma filotar na da netwok ka haɗa kowace kwamfuta da ita kai tsaye ta lambarta, ka huta da rabawar gaba ɗaya.

Yanzu ga wadda ta fi ci min rai saboda tana cin takarda, zane ya fara fita lafiya ya kai rabi ya tsaya, ko injin ta yanke ta miƙo maka rabin gida, ko wani ɓangare ya fito fari. Mafi yawa nauyin fayil ne. Zanen layi zalla ba shi da nauyi, yaren HP-GL/2 umarni ne kawai na ja layi daga nan zuwa can. Amma da an saka hoton sama na fili a bayan zane, ko inuwa mai gani-ta-ciki, ko zanen 3D mai kala, sai komai ya koma ɗigo-ɗigo. Ka yi lissafi, A0 milimita 841 ne da 1189, a ɗigo 600 duk inci ya haura ɗigo miliyan 550, mai kala in ba a matse ba kusan gigabait 1.7 kenan, a ɗigo 300 kuma ya sauko wajen megabait 420. Tsohuwar inji mai 'yar ƙwaƙwalwa ina za ta kai wannan. Abin yi, ka sauke ingancin daga Best zuwa Normal, a zanen gini ido ba zai ga bambanci ba. A diraiban tsofaffin DesignJet akwai wurin da ake zaɓar a sarrafa aikin a kwamfuta maimakon a cikin firinta, ka zaɓi kwamfuta. A Printer properties ƙarƙashin Advanced ka zaɓi Start printing after last page is spooled, don aikin ya gama taruwa kafin a fara turawa, domin in kwamfuta na tunani tana aikowa guntu-guntu injin kan gaji da jira ta ɗauka an gama ta yanke. Wannan jiran ma ana ƙara shi, a HP sunansa I/O timeout a menu ɗin injin. Ka leƙa C: kuma, in ya cika ja fayil ɗin layin jira ba shi da inda zai zauna, ka rage kaya ko ka mayar da folda ɗin wani diski ta Print Server Properties. PDF ɗin da ya ƙi duk wannan, a Adobe Reader ka danna Advanced ka zaɓi Print As Image, yana da jinkiri amma yana fita.

In kuwa maimakon zane ta fara zubo haruffa da alamomi marasa ma'ana layi-layi, ka soke nan take kar ta cinye naɗin. Ko diraiban ba nata bane, misali an sa na PostScript a injin da ba ta da shi, ko ragowar wani aiki da ya yanke ne ya shigo ba kai. Ka share layi, ka kashe injin ka kunna, ka tabbata yarenta a menu yana kan Automatic. Sai a nan ne maganar sake diraiba ta taso, ko in Print Spooler na mutuwa da kansa duk lokacin da ka aika aiki. Kuma in za ka cire ka cire da saiwa, ka goge firintar, ka rubuta printui /s /t2 a Run, ka zaɓi diraiban ka cire shi da kunshinsa, sannan ka sauko da na ainihin lambar injinka daga shafin kamfanin.

Masu AutoCAD ku kula da abu ɗaya bayan sake diraiba. Fayil ɗin PC3, inda AutoCAD ke ajiye saitin firinta, yana riƙe da sunan tsohuwar firinta, in sunan ya canja sai zane ya buɗe ya nuna None ko yace bai ga na'urar ba, kuma girman takardun da ka ƙirƙira da hannu su ɓace. Ka mayar wa firintar ainihin sunanta na da, ko ka ƙirƙiri sabon PC3. In kana zargin AutoCAD ɗin ne, ka buga shafin gwaji na Windows, ya fita to ka fitar da zanen ta DWG To PDF ka buga PDF ɗin, aƙalla kwastoma ya tafi, ka zauna da matsalar daga baya. Ka sa BACKGROUNDPLOT a 0 kuma don in akwai kuskure ka gan shi a gabanka.

Maganar sikeli ba ta hana bugu amma ta fi ƙin bugu haɗari, don takarda za ta fito da kyau a biya ka a tafi, sai a wurin gini abin ya tashi. In a Adobe aka bar shi kan Fit, zai matse zanen kaɗan don ya shiga cikin gefen da injin ba ta bugawa, 1:100 ya daina zama 1:100. Kullum Actual size. Ka ajiye rula a kan injin, bangon mita 5 a sikeli 1:100 dole ya ba ka milimita 50 cif, ka auna a gaban mai zanen. Ka kuma san naɗinka, inci 24 milimita 610 ne, A1 mai 594 da 841 yana shiga a tsaye kawai, A0 ba ya shiga sam. Inci 36 milimita 914 ne, yana ɗaukar A0, kuma A1 in ka juya shi a kwance zai ci 594 na tsawon takarda maimakon 841, ribar shago kenan. Zanen da ya zo daga Amurka sau da yawa ARCH D ne, inci 24 da 36, ba A1 bane ko da sun yi kama, in ka tilasta shi a A1 ko gefe ya yanke ko sikeli ya tafi.

Wanda ke kan Mac ko Linux, naku CUPS ne. lpstat -t zai nuna maka halin layi, cancel -a ya share, kuma sau da yawa in aiki ɗaya ya faɗi CUPS kan dakatar da firintar gaba ɗaya har sai ka tashe ta da cupsenable da sunanta. Sauran maganar lamba da kebul duk ɗaya ne.

In gwajin cikin injin ne tun farko bai fito ba, ka rubuta lambar kuskuren da ta nuna ko ka ɗauke ta a waya kafin ka kashe. A DesignJet, 86:01 na nufin keken da ke ɗauke da kan tawada ya kasa tafiya, ko takarda ta cushe ko wani abu ya tare. Ka kashe, ka zare wuta, ka buɗe murfi ka cire guntun takarda a hankali, ka tura keken da hannu ka ji ko yana tafiya sumul. In ka ga baƙin gari kamar na gawayi a kan takarda ko a ƙasan hanyar keken, bel ne ya tsufa yake marmashewa, wannan kam sai mai gyara. 79:04 kuma kuskuren manhajar cikin injin ne, kuma lalataccen fayil kan jawo shi, shi ya sa za ka kunna ta tashi, kwamfuta ta sake turo mata fayil ɗin nan, ta sake faɗuwa. Ka zare kebul ɗin netwok, ka share layi a kwamfuta, sannan ka kunna. Ta tashi lafiya, fayil ɗin ne, a sake fitar da shi.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura na kwanciya a kan siririn leda mai gani-ta-ciki da ke miƙe daga wannan gefen injin zuwa wancan, da shi keken ke sanin inda yake. In ya yi datti layuka su karkace ko keken ya je ya bugi bango. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa kaɗan ya isa, ka riƙe shi kar ya zame daga maƙalinsa, kuma kar ka kankare shi da komai. Da damina kuma, wajen Mayu da Yuni, takarda ke shan danshi ta yi kumburi kan tawada ya goge ta, naɗin da ba a amfani da shi ka mayar da shi ledarsa ka ɗaga shi daga ƙasa. Ka kashe injin da maɓallinta ba daga soket ba don keken ya koma mazauninsa a rufe kan tawada, in an bar shi a tsakiya a buɗe bushewa yake. Shi ya sa filota da rauta da kwamfutar duk su ukun suke son UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko da wanda zai riƙe minti kaɗan ne ka soke aiki ka kashe da kyau. In wuta ta riga ka ta yanke ana cikin bugu, da ta dawo ka bar rauta ta fara tashi, ka share layin kwamfuta, sannan ka kunna filota ka bari ta mayar da kekenta ta yanke guntun da ya lalace, ka duba lamba, ka aiko zane ɗaya tak ka tsaya a gabanta har ya faɗo kwando kafin ka turo sauran.